Soyayya Daban, Takardar Fili Daban

   

Na san na yi muku alƙawarin wannan karon za mu yi maganar kayan ɗaki, to amma ku yi mini afuwa. Wata wasiƙa ce ta shigo hannuna, tun da na karanta ta na kasa sukuni. Wata ƙanwarmu ce daga Zariya, ta roƙi in sakaya sunanta, na kuwa sakaya. Ga abin da ta ce:

"Anti, shekarata 19, bana na gama sakandare. Mahaifinmu ya rasu bara, an raba gado an ba ni kasona kuɗi, suna wajen Mama. Akwai wanda zan aura, har an sa rana. Shi ne ya ce in ba shi kuɗin ya sayi fuloti a bayan gari, nan gaba ya gina mana. Da na tambaye shi da sunan wa za a rubuta takarda, sai ya yi fushi, wai ashe ban yarda da shi ba, ai abinsa nawa ne nawa nasa ne. Yau kwana uku ke nan bai zo zance ba. Anti wallahi ina son sa. Don Allah ya zan yi?"

Ƙanwata, share hawayenki. Tambayar da kika yi masa ba laifi ba ce, ita ce ma tambaya mafi hankali da kika taɓa yi. Amma kafin in ba ki amsa, zauna in ba ki labarin Yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya.

Yaya mace ce mai neman na kanta. Tana ɗinki, tana saƙa, tana zubin adashe. Shekararta shida da aure ta ɗauki adashenta, ta haɗa da sarƙa da ɗankunne da awarwaron gwal na lefenta ta sayar, ta ƙulle kuɗin a ɗankwali. Da daddare, cikin ɗaki, daga ita sai maigidanta, ta miƙa masa ta ce ya saya mata fili. Mutumin kirki ne, Allah Ya ji ƙansa, ban taɓa jin ya ci haƙƙin wani ba. Ya je ya saya, ya dawo da takarda. Ta duba sai ga sunansa ɓaro-ɓaro. Ta ce, "Malam, ai na ga sunanka ne." Ya yi dariya ya ce, "Haba ke kuwa, dillalin ni ya sani shi ya sa ya rubuta haka. In an samu sarari sai a canza." Ita ma ta yi dariya, ta cusa takardar ƙarƙashin katifa. Kunya ta hana ta sake tayar da maganar.

A hankali aka yi gini. Bulo ɗari yau, buhun siminti biyar gobe, da yawa daga kan keken ɗinkinta suka fito. Suka tare. Bayan shekaru ya ƙara aure, amarya ta haifi maza uku, Yaya kuwa 'ya'yanta biyu duk mata. Rannan ya fita da safe lafiya lau, la'asar ba ta yi ba aka kawo gawarsa, hatsarin mota.

Bayan sadakar arba'in aka zauna lissafin abin da ya bari, aka sa gidan a sahun farko. Yaya ta ce filin nata ne, da gwal ɗinta aka saya. Aka ce to ina takarda? Takarda ta ce nasa ne. Ina shaidu? Babu wanda ya ga lokacin da ta miƙa kuɗin. Ni da Innarmu mun sani, amma a bakinta muka ji, alƙali kuwa wanda ya gani yake nema. Dillalin ya daɗe da barin gari. Haka aka sa gidan cikin gado. Kun san matar mamaci in akwai 'ya'ya tumunin takaba take samu, wato kashi 1 cikin 8. Su biyu ne, suka raba, Yaya ta tashi da kashi 1 cikin 16 na gidan da ta sayi filinsa da guminta. Aka sayar da gidan aka raba kuɗi. Yau tana zaman haya ita da marayunta.

Kun ga a labarin nan babu mugu. Mijin bai yi niyyar cuta ba, alƙali bai yi zalunci ba, kishiya haƙƙin 'ya'yanta ta karɓa. Kunya ce da "ai duk ɗaya ne" suka raba Yaya da gidanta. Don haka abin da nake so kowaccenku ta riƙe yau guda ɗaya ne tak: in kuɗinki ne, takarda ta fito da sunanki, kuma kada sisi ya bar hannunki sai kin bincika.

To bari in ɗan buɗe muku yadda sha'anin fili yake a ƙasar nan, don kada wani ya ruɗe ku da Turanci. Tun ranar 29 ga Maris 1978, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, kuma har yau da ita ake aiki. Dokar ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, riƙon amana a madadin jama'a. Ke nan in kin sayi fili, haƙƙin zama da amfani da shi kika saya. Filin cikin birni gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallakarsa, wadda ake kira si-of-o, ta gidan zama galibi shekara 99 ake rubutawa. Na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce. Mai si-of-o in zai sayar, doka ta ce sai da amincewar gwamna, shi ya sa bayan ciniki ake komawa ofishin filaye a mayar da suna. Sannan in gwamnati za ta yi titi ko makaranta ko asibiti tana da ikon karɓe fili, diyyar kuwa a kan abin da aka gina ko aka shuka take.

Akwai wani sashe da ya shafe ki kai tsaye, ke ƙanwata mai shekara 19. Sashe na 7 na dokar ya hana gwamna ba wanda bai kai shekara 21 ba wannan haƙƙi, ko amincewa a mayar masa da shi, sai dai ta hannun waliyyi ko amintaccen da aka naɗa a madadinsa. Kada wani ya fake da wannan ya ce tunda ke yarinya ce a rubuta sunansa kawai. A'a. Mama ko yayanki su tsaya miki, lauya ya rubuta ƙarara cewa kuɗinki ne, ke aka saya wa, su riƙo kawai suke yi har ki kai. Kalmar nan "a madadin" ita ce katangarki.

Sai kuma bambancin awon gwamnati da awon igiya. Awon gwamnati shi ne wanda hukuma ta tsara, ta fitar da tituna da magudanan ruwa, kowane fuloti da lambarsa. Awon igiya kuwa gona ce mai ita ya yayyanka ya sayar. Ya fi araha, kuma unguwanni da yawa a gefen biranenmu haka suka kafu, ba zan ce muku haramun ne ba. Amma a nan aka fi sayar wa mutum biyu fili ɗaya, a nan ake samun lungun da ko mota ba ta shiga, a nan ne kuma wata rana titi ke biyowa ta tsakar gidan mutum. In shi ƙarfinki ya kai, to ki ninka bincike.

Ga matakan, ku kwafe su a bayan littafinku.

Na farko, je ki gani da idonki. Kada ki sayi fili a hoton waya. Ki tafi da yayanki ko kawunki, kuma in da hali a je da damina, cikin Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Filin da ya yi kyau da rani yana iya zama tafki da damina. In gida ne ginanne, dubi gindin katanga, za ki ga layin inda ruwa ya taɓa kaiwa ko da an shafe da fenti. Ɗaga kai ki dubi silin ko akwai tabon yoyo. Dubi tsagewar bango, leƙa masai, ɗanɗana ruwan rijiya. Ki tambaya ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, don irin wannan ƙasa ba ta riƙe harsashi. Wanda ya ga abin da ya faru a Maiduguri a watan Satumba 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ba sai an ce masa ya tambayi hanyar ruwa ba. Ki guji fili a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko dab da babban titi, ko wanda aka yanko daga makaranta, maƙabarta ko filin idi. A watan Yunin 2023 an rushe shaguna da gine-gine a Kano a kan cewa a filayen jama'a aka yi su, masu su kuwa da kuɗinsu suka saya.

Na biyu, tambayi maƙwabta, amma ba waɗanda dillali ya kawo miki ba. Ku koma wata rana ba tare da shi ba, ku yi sallama da na dama da na hagu, ku je wajen mai unguwa. Filin wa ne? A wajen wa ya saya? An taɓa rigima a kansa? Matambayi ba ya ɓata. Rubutun nan da kuke gani a bangon wasu gidaje da Turanci, cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne, ba ado ba ne, 'yan damfara ne suka koya wa mutane hankali.

Na uku, in aka ce gidan gado ne, ki taka a hankali. An raba ko ba a raba ba? In an raba, ina takardar kotu? In ba a raba ba, to ɗa ɗaya ba shi da ikon sayar da kason 'yan uwansa, ko da shi ne babba. Duk magada su sa hannu, har matan da ke gidajen aurensu, marayu ƙanana kuwa sai mai tsaya musu bisa ƙa'ida. Ku sani kuma a fiƙihun Malikiyya akwai abin da ake kira shuf'a: in mutum ya sayar da kasonsa na gidan tarayya da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin ya biya kuɗin da aka saya ya karɓe. Sai ki wayi gari an mayar miki da kuɗinki bayan kin gama murna.

Na huɗu, in fili mai takardar gwamnati ne, a je ofishin filaye a yi bincike kafin biya. A jihar Kaduna, inda ƙanwarmu take, hukumar KADGIS ce, a Kano KANGIS, a Abuja AGIS, sauran jihohi ma kowacce da ofishinta. Ana biyan kuɗin bincike, su duba fayil su gaya miki sunan wa ke kai, ko an jinginar da shi a banki, ko gwamnati ta karɓe shi. Takardar jabu tana da kyan gani ƙwarai, har da hatimi, fayil ne kaɗai ke tona mata asiri. Sunan da ke fayil ya zama shi ne na mai sayarwa, ki ga katin shaidarsa da idonki. In ya ce wakili ne, ina takardar wakilci, kuma a kira mai abin a ji daga bakinsa.

Na biyar, a auna. In an ce ƙafa 50 da 100 ne, a ja tef a gabanki a ga 50 da 100. Maƙwabtan iyaka su tsaya, a kafa alama ta siminti a kusurwa huɗu. In da hali a kira safiyo ya zana. Rigimar taku biyu tana kai jikoki kotu.

Na shida, biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan mai filin, ba na dillali ba, ba na ƙaninsa ba. Kuɗin kuma su fita daga asusunki, ko na wanda ya tsaya miki. Da Yaya ta samu irin wannan shaida da labarin ya canza. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. In an nemi kafin alƙalami, a rubuta nawa ne, kuma me zai faru da shi in ciniki ya warware. La'adar dillali a yanke ta tun kafin a yi tayi. Duk dillalin da ya ce miki "Hajiya yau-yau ne, wani Alhaji na nan tafe da kuɗi a but", ki ce Allah Ya ba Alhaji sa'a. Sauri ya haifi nawa.

Na bakwai, takardar ciniki. Ta ƙunshi cikakken sunanki kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, ba sunan gayu ba, ba "matar wane" ba. Ta faɗi sunan mai sayarwa, inda filin yake, girmansa, maƙwabtansa gabas da yamma, kudu da arewa, kuɗin da aka biya da ranar biya. Shaidu aƙalla biyu baligai masu hankali, a samu na ɓangarenki, kuma kada duk su zama tsofaffi. Mai unguwa ya sa hannu. Kuɗin lauya kada ya yi miki yawa, ya fi kuɗin shari'a sauƙi nesa ba kusa ba. Ki karɓi duk tsofaffin takardun da mai filin ya saya da su. Ki yi kwafi, ɗaya wajen Mama, ɗaya wajen wani amintacce, ki kuma ɗauki hotonsu a waya. Ta asali kada ta kwana ƙarƙashin katifa inda gara da yoyo da hannun yara ke kaiwa.

Na takwas, bayan saye kada ki yi barci. A bi maganar mayar da suna har ta kammala. Ki kewaye filin ko da bulo layi uku ne, ki riƙa aikawa ana dubawa. Filin da aka bari ba mai leƙawa shi ke yin sabon mai shi. In an tashi gini a nemi izinin hukumar tsara birni, KASUPDA a Kaduna, KNUPDA a Kano.

Saura masu sayarwa, don na san cikinku akwai waɗanda aka ba kason gida ko fili a gado, 'yan uwa na ta zuga a sayar a sayi gado da kujeru da firij na kece raini. Ƙanwata, kujera shekara biyar ta yi yawa ta fara yagewa, fili kuwa ba ya tsufa. Ku tuna a watan Mayun 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Wadda ta sayar da fili ta ajiye kuɗi a wannan tsakanin, tana ji tana gani suka narke. Saboda haka kada ki sayar sai kin san abin da za ki sa kuɗin a ciki, kuma ya fi filin amfani.

In sayarwar ta zama dole, kada ki nuna matsuwa, mai saye yana shinshino ta daga nesa. Ki ji farashi daga bakin mutum uku waɗanda ba su san juna ba, ki tambayi nawa aka sayar da na kusa. In tayi bai yi miki ba ki ce albarka, ba rashin kunya ba ne. Kada ki ba dillali takardar asali ya yi yawo da ita, kwafi ya ishe shi. Kada ki sa hannu a farar takarda, ko wadda ba a karanta miki ba, ko da kawunki ne ya kawo. Kada makulli da takarda su bar hannunki sai kin tabbatar a banki kuɗi sun shiga, don saƙon waya na ƙarya ya yi yawa. In biya kashi-kashi ne, a rubuta ranaku. Sannan ki ji tsoron Allah ki faɗi aibin gidan. In yana yoyo ki ce yana yoyo, in ruwa na shiga da damina ki faɗa. Kuɗin da aka ɓoye aibi aka karɓa ba sa albarka, kuma mai saye na iya dawo miki da kayanki.

To ƙanwata ta Zariya, mu dawo kanki. Ban ce masoyinki macuci ne ba, ban san shi ba. Wataƙila zuciya ce irin ta samari. In ya dawo zance, kuma zai dawo, ki tarbe shi da fara'a, ki kawo ruwa, sannan ki ce masa cikin ladabi, "Wallahi na yarda da kai, shi ya sa zan ba ka rayuwata gaba ɗaya. Amma kuɗin nan gumin mahaifina ne, amana ce a wuyana. A rubuta da sunana, in ka tashi gini a rubuta abin da ka sa, don ko bayan ranmu kada 'ya'yanmu su yi rigima." Ki tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga muminai aka saukar da ita, ba ga ɓarayi ba. Musulunci ya ba mace dukiyarta, sadakinta da gadonta nata ne, aure ba ya mayar da su na miji.

Kuma kada ki yi wannan magana ke kaɗai a zaure. Ki sanar da Mama yau ɗin nan, a sa babban namiji na gidanku a ciki. In saurayin nan mai ƙaunarki ne don Allah, zai huce, har ma shi zai raka yayanki ofishin filaye. In kuwa ya ce ko kuɗi da sunansa ko a fasa aure, to za ki yi kuka na sati biyu, na sani, amma ki gode wa Allah da Ya nuna miki tun kafin a shafa fatiha. Gara kukan sati biyu da irin wanda Yayata take yi duk ƙarshen shekara in mai gidan haya ya aiko.

Na karanta wa Yaya wannan rubutu kafin in miƙa shi, don ban so in fitar da sirrinta ba da izininta ba. Ta yi shiru, can ta ce, "Ki buga. Ki kuma gaya musu ban taɓa jin haushinsa ba, kaina nake jin haushi da na yi dariya rannan."

Nan zan dakata. Ƙanwata ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare. Sauran kuma ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, wadda ba ta so a ambaci sunanta ta faɗa. Maganar kayan ɗaki tana nan tafe a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba ku mazaje na gari, Ya sa ku mallaki naku na kanku, amin.

Taku har kullum,
Antinku.